Bugu Goma Sha Biyar

Hinterau, farkon Yuni 1997

Yaya Veit,

Gaisuwa daga gida, tawa da ta Baba. Ina fatan teku ba ta wahalar da kai, kuma tarin da ka kwasa da hunturu ya sake ka. Ni lafiyata ƙalau in ban da gajiya. Shanu ma lafiya, jibi zan kora su rugar sama can kan dutse, ciyawa ta yi kyau bana.

Rubutowa na yi maimakon in jira ka kira, don ka san inda tarho yake a gidan nan, daf da kujerar Baba. Mutumin da ya ce ba ya jin ƙararrawar coci, amma in na yi raɗa a kansa sai ya amsa.

Yaya, ƙafar Baba ba ta haɗe ba. Tun ranar da tsohuwar saniyarsa Zenzi ta zame a kan ƙanƙara ta danne shi, ƙwaurin yana nan yadda yake. Likita Lanz ya nuna mini hoton ƙashin, tsagar tana nan a buɗe. Ya ce da ciwon sukarin Baba da irin zuciyar da yake da ita, ba za su iya yi masa doguwar tiyata su sa ƙarfe ba. In kaka ta yi ƙashin bai kama ba, yankewa za su yi daga ƙasan gwiwa. Na daɗe ina kallon takardar nan kafin in iya rubuta wannan.

Sun ba mu aron wata na'ura a matsayin dabara ta ƙarshe. Akwati ne kamar na ajiye burodi, da faifai biyu kamar murfin tukunya, ana ɗaura su a kan filastar da aka naɗe karayar da ita, ɗaya ta nan ɗaya ta can. In an kunna, wai maganaɗisu ne ke bugawa cikin ƙashi. Akwai maɓalli mai lambobi, likita ya tsayar da shi a kan goma sha biyar, wato bugu goma sha biyar kowane sakan. Ya ce a bar masa ita rabin yini kullum, kuma kada ya taka ƙafar.

Matsalar ita ce abin ba ya zafi, ba ya ƙara, ba ya ko motsi. Ranar farko Baba ya zauna ya ƙura mata ido, can ya ce, "Burgi, kin tabbata kin kunna?" Na ce na kunna. Ya ce, "Wayar shingen shanu ma in ka taɓa ta, tana gaya maka tana da rai. Wannan ko ƙuda ya fi ta aiki. Maganin da ba ya cizo me zai warkar?"

Ga kuma Afra ta maƙwabta. Yanzu ta zama dillaliyar wata tabarmar maganaɗisu, tana tara mata a falonta tana kwantar da su ɗaya bayan ɗaya. Ta leƙo ta ga lambar, ta tafa hannu ta ce goma sha biyar ai ta jarirai ce, tata tana kaiwa dubu. Na san Afra da baki, amma maganar ta tsaya mini a rai. Kai ne ka san lantarki. Goma sha biyar ɗin nan ba ta yi kaɗan ba? In murɗa? Ka ba ni amsa da wuri, tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Notburga


Esbjerg, ƙarshen Yuni

Burgi,

Na sami wasiƙarki da jirginmu ya shigo tasha ɗaukar wayar lantarki. Ina gaishe ki, ki gaishe mini da Baba da jiki. Tari ya tafi. Cukun da kika aiko ya iso, abokan aiki sun cinye rabi kafin in ankara.

Kada ki taɓa maɓallin nan. Na sake faɗa, kada ki taɓa shi. Lambar ba ƙarfi take nunawa ba, sauri take nunawa. Ke da kike tatsa tun kina yarinya, in kin ninka saurin hannunki nono ninkuwa yake yi? Harbi kawai za ki sha. Ƙarfin bugun wani abu ne dabam, shi kuma a cikin akwatin aka saita shi. Likitocin ƙashi sun tsaya a kan wannan lambar ne saboda da ita suka gwada a kan masu karaya. Wasu ta yi musu, wasu ba ta yi ba, su kansu ba su gama sanin dalili ba. Amma gara abin da aka gwada da abin da Afra ta ji a taron 'yan talla. Ki ce mata ta kwanta a kan dubun tata, ko bakinta zai huta.

Rashin jin komai kuwa ba ya nufin ba ta aiki. Ni nan ina aiki da wayoyin da za su kashe bijimi ba tare da sun yi ko tari ba. Ki gaya wa Baba haka, ko da yake na san ba zai karɓa daga bakina ba.

Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne a samu wanda zai tsaya a kansa ya tabbatar yana ɗaurawa. Kin san halinsa.

Ba zan iya zuwa yanzu ba. Sai mun gama shimfiɗa wayar nan a ƙarƙashin teku za su sake mu, ƙarshen Satumba ke nan in Allah ya yarda.

Yayanki,
Veit


Hinterau, tsakiyar Yuli

Yaya Veit,

Muna gaisuwa, muna lafiya, an gode Allah. An yi ruwa mai yawa, ingiricin farko ya kusa lalacewa amma mun tsira da shi.

Na karanta inda ka ce a samu wanda zai tsaya a kansa. Sannu da hangen nesa. Wane ne wannan wanin? Ni ce ke rugar sama da shanu da tukunyar cuku, ni ce ke gangarowa Laraba da Asabar in wanke shi, in dafa masa abin da zai ci, in koma. Afra ce ke leƙa shi da yamma. In kana ganin na yi watsi da shi ne, ka faɗa kai tsaye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda ke tsakiyar teku kuwa sai lissafi. Na yi kuka da na karanta, ka sani.

To, na huce. Ga labari mai daɗi, ko da yake ruwa ba ya tsami banza. Baba ya daina zagin na'urar. Akwatin yana da ɗan agogo mai ƙirga awoyin da ya yi aiki, duk saukowar da na yi sai in tarar ya cika har ya wuce. Har goge ta yake yi da tsumma. Fuskarsa ma ta saki, yana cin abinci.

Zenzi ba ta hau dutse ba bana, har yanzu ɗingishi take yi da ƙafar gaba tun waccan faɗuwar. Mahauci ya zo ya taya, na ce wa Baba mu rabu da ita, saniyar da ba ta tafiya ba ta nono me za a yi da ita? Ya ɗaga sandarsa ya nuna wa mutumin ƙofa, ya ce, "Ita ta ja garken gidan nan tun kana tsotsar yatsa. Fita." Na bar maganar, don ita ce abokiyar hirarsa in ba na nan.

Ya ce in tambaye ka wani abu, kuma ga shi yadda ya faɗa: "Tambayi masanin nan naku, ƙashi mai kauri irin na ƙato, da ƙashin tsoho irina, bugu ɗaya suke so?" Na ce Baba, ƙashin wa ke da kauri, kai da iska ke ɗauka? Ya ce in rubuta kawai. Ranar Asabar kuma na tarar da maɓallin a kan talatin. Ya ce gwiwar hannunsa ce ta buge shi. Na mayar da shi goma sha biyar, na yi masa faɗa.

Notburga


Aberdeen, ƙarshen Yuli

Burgi,

Gaisuwa gare ki da Baba. Ina lafiya.

Ba haka nake nufi ba, wallahi. Da na rubuta wancan layin kaina nake zargi, ni da ya kamata in zama wanin. Ki yi haƙuri, ban iya magana ba, kin sani tun muna yara.

Tambayar Baba kuwa ta faranta mini rai fiye da yadda za ki zata. Tun ranar da na ajiye lauje na tafi koyon waya bai taɓa tambayata komai ba, ko ƙwan fitila ne ya mutu gara ya kira wani. Ki karanta masa wannan da ƙarfi. Baba, jiki mai kauri ba lamba mai yawa yake so ba. Abin da yake so shi ne faifan su matse sosai, su fuskanci juna daidai, a kuma ba shi lokaci mai tsawo. Talatin ba za ta cuci kowa ba, amma taka goma sha biyar ce, ka bar ta a nan.

Tunda yana ɗaurawa har yana tambaya, hankalina ya kwanta. Gobe za mu tashi arewa, kuma babu tashar da za mu taɓa sai cikin Satumba. In kin ji ni shiru, dalilin ke nan.

Veit


Hinterau, tsakiyar Agusta

Yaya,

Ina gaishe ka. Ban san yaushe wannan za ta same ka ba, amma ba ni da wanda zan gaya wa.

Mun je asibiti. Tsagar ba ta ragu ba, ta ma ƙaru. Da suka buɗe filastar akwai gyambo a ƙasa yana ruwa. Likita Lanz ya duba agogon akwatin, ya ga awoyi sun cika, ya sosa kai. Ya juya filastar ya ga tafinta ya cinye, ya ce, "Kana taka ta ne?" Baba ya ce, "Zuwa bayi kawai. Ko shi ma sai na nemi izini?"

Likitan ya ce wataƙila Baba na cikin waɗanda goma sha biyar ba ta karɓa. Akwai masu amfani da saba'in da biyar, ya ce za mu iya gwadawa a ɗan lokacin da ya rage, amma bai yi mini alkawarin komai ba. Ni ya bar wa zaɓin. Ni da ban san komai ba sai nono da gishiri! In na canza ya lalace, ni ce. In na bari ya lalace, ni ce. Da ma tun farko na murɗa, Yaya, da ban saurare ka ba.

Notburga


Hinterau, ƙarshen Agusta

Yaya Veit,

Lafiya lau ba zan ce ba. Ka zauna kafin ka karanta.

Ranar Litinin dusar ƙanƙara ta sauko a kan dutse tun lokacinta bai yi ba, na gangaro ɗaukar barguna da gishirin shanu, ranar da Baba bai sa ran ganina ba. Na shiga gida da tsakar rana, kujerarsa babu kowa, akwatin ma babu. Sai na ga wata doguwar waya ta fita ta taga ta nufi ɗakin shanu.

Yana zaune a kan kujerar tatsa, ƙafar tasa a miƙe cikin ciyawa, filastar duk kashin shanu. Faifan biyu suna ɗaure a ƙafar Zenzi da madaurin ƙararrawarta, a matse, suna fuskantar juna daidai, yadda ka koya masa. Maɓalli a kan talatin. Ita tana tuƙa, shi yana sosa mata wuya.

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Tun da kika hau dutse. Rufe ƙofa, iska na damun ta."

Na ce, "Ƙafarka fa? Don ita aka ba mu na'urar!"

Ya ce, "Ke, a gidan nan wa ya taɓa karya kumallo kafin dabba ta ci? Ubana bai yi ba, ni ban yi ba, ke ma ba kya yi. Kuma wane magani muka taɓa sha ba mu gwada shi a garke ba? Ni na ɗaura ban ji komai ba. Mutum yana iya yi wa likita ƙarya don a rabu da shi, saniya ba ta iyawa. Dubi yadda take lumshe ido."

Na ce masa yanke ƙafar za su yi, ko bai ji ba ne ranar da aka faɗa? Ya ce, "Na ji. Ƙashina zai jira, ba yau ya fara haƙuri ba. Ita kuwa mahauci ba zai jira ta ba, ke ma kin ƙosa. Na ce in ta miƙe sai in karɓa. Ga shi ta kusa." Sai ya buga mata cinya, ta tashi tsaye, ta taka ƙafar nan har bakin ƙofa ba ɗingishi. Ya dube ni yana murmushi, wai in yaba masa.

Yaya, ka ji fa. Duk rigimar da muka yi ni da kai a kan goma sha biyar da saba'in da biyar, ashe ƙafar Baba ko bugu ɗaya ba ta samu ba tun Yuni. Kullum yana jan ta zuwa ɗakin shanu da akwati a hammata, ya mayar kafin Afra ta leƙo. Haushinsa nake ji kamar in mutu, kuma na kasa yi masa tsawa, don ni ma ban taɓa shan kofi ban ba shanu ruwa ba.

Na sa ɗan Afra ya riƙe mini rugar. Na dawo gida, na ɗaura masa da hannuna a kan goma sha biyar, ina zaune a gabansa kamar mai gadi. Amma gyambon ya fara wari.

Notburga


Stavanger, tsakiyar Satumba

Burgi,

Ina gaishe ku. An canza mana tasha saboda iska, wasiƙa ɗaya kawai kamfani ya turo mini nan, ta tsakiyar Agusta. In kin aiko wata tana can Aberdeen.

Ban iya cin abinci ba da na karanta. Ki daina cewa ke ce. In akwai laifi nawa ne, ni na kafe a kan goma sha biyar. Na sami wani injiniya a jirgi da matarsa ke aikin gashin ƙashi, na tambaye shi, ya ce shi ma ya ji ana amfani da saba'in da biyar, amma ya fi jin ta a ciwon gaɓoɓi. Duk da haka ki gwada. Mutum ya yi wata biyu yana bin umarni, bai tsallake ko yini ɗaya ba, abu bai yi ba, ai sai a canza. Abin da ke ci mini rai ke nan, sau ɗaya a rayuwarsa Baba ya ji magana, kuma ta ci amanarsa.

Ki ce masa ina alfahari da shi. Na nemi su sake ni da wuri, ina jiran amsa.

Veit


Hinterau, ƙarshen Satumba

Yaya Veit,

Gaisuwa. Na aika wannan ofishin kamfaninku don su miƙa maka hannu da hannu, tare da kwafin wadda ta ɓace maka. Ita za ka fara karantawa. Taka ta iso, na karanta ta a barandar asibiti, na yi dariya har wata ma'aikaciya ta zo ta dafa ni ta zaci kuka nake yi. Daga baya kukan ne.

An yi aikin ranar Alhamis. Gyambon ya kai ƙashi, zazzaɓi ya rufe shi, Likita Lanz ya ce ba sauran jira. Sun yanke daga ƙasan gwiwa. Zuciyar ta ɗauka, an gode Allah, yana raye, yana shan romo, har ya fara yi wa masu jinya gardama a kan gishiri. Na gaya wa likitan gaskiyar inda na'urarsa ta yi bazara. Bai yi faɗa ba. Ya ce ko da an ɗaura ta yadda ya kamata ba shi da tabbacin za ta yi, sai dai yanzu babu mai sani har abada. Wannan rashin sanin ya fi komai ci na.

Akwai abin da ban gaya wa Baba ba. Likitan dabbobi ya zo duba garke da muka sauko, na sa ya taɓa ƙafar Zenzi. Ya ce ba karaya ba ce tun asali, jijiya ce ta gurɗe, kuma duk saniyar da ta yi bazara a kwance a ɗaki tana cin ingirici za ta miƙe, da akwati ko babu akwati. Na roƙe shi kada ya faɗa a gari.

Baba bai tambayi ƙafarsa ba ko sau ɗaya. Jiya na ga ya ɗaga bargo ya duba wurin, ya mayar, ya juya fuska bango ya daɗe. Da ya juyo sai ya ce, "Yaushe ɗan'uwanki zai zo? Ina so in ji daga bakinsa. Shi ya ce lamba ba ta da muhimmanci, ni na ce saniya talatin take so. Ga ta nan tana tafiya. Ya zo ya gaya mini wa ya fi wani sanin lantarki."

Yaya, na san ka. Ka gwammace a daina yi maka magana shekara goma da ka ce waya ja baƙa ce. Amma abin da ya rage masa ke nan, cewa ƙafar ba a banza ta tafi ba. Ka zo da kayan aikinka, matakalar ƙofa na son gyara kafin a sallame shi. In ka shiga ɗakin ya tambaye ka, kada ka yi masa bayani, kada ka kawo maganar sauri da ƙarfi. Ka ce masa talatin ɗin da ya zaɓa ita ce daidai.

Ƙanwarka,
Notburga